Wayar shago ta shiga tsakanina da iyalina

Assalamu alaikum Yaya. Shekarata 34, ni ke riƙe da shagon mahaifina na atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari. Baba ya manyanta, sai bayan azahar yake leƙowa ya duba littafi, amma har yau maganarsa ce ke aiki. Tunda na fara saka hotunan kaya a WhatsApp da Instagram ciniki ya ƙaru, alhamdu lillahi, sai dai barci ya gagare ni. Ƙarfe 11, 12, wani lokaci har 1 na dare saƙo na shigowa: nawa ne wannan, akwai ja, kuna kaiwa Gombe? Yawancinsu mata ne. In na yi shiru, da safe in tarar sun saya a wani wuri. In na amsa, maiɗakina ta juya mini baya. Makon jiya ta ce in zaɓa, ko ita ko wayar, kuma na ga ba da wasa take ba. A shago ma gabanin Sallah sai ka ga mutum 10 a tsaye, yara biyu suna ta hawa da sauka daga sito suna ɗauko kayan da ƙarshe ba za a saya ba.

Ɗan yayata da ya karanci kwamfuta ya ce in ba shi naira dubu 350 ya yi mana shafin intanet, mai saye ya duba kaya da farashi ya biya da kansa ko da tsakar dare ne, a kuma ajiye kwamfutar hannu a shago mutane su riƙa dubawa. Baba ya ce atafau ba za a rubuta farashinsa duniya ta gani ba. Yaya, abin zai raba ni da wannan wahala? In yi a ɓoye, in ya ga amfaninsa ya haƙura?

Ƙaninka daga Kano

*

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ƙara buɗi, ya ja da ran Baba.

Maganar maiɗakinka ta fi gaggawa, kuma gaskiya ce da ita. Ba ta gan ka ba tun safe, ka dawo bayan magariba, ka ci tuwo da hannu ɗaya waya na ɗaya hannun, sannan ka kwanta kana sauraren muryoyin wasu mata har dare ya raba. Ko da zancen turmin atamfa kaɗai suke yi, ba sai ta zarge ka da komai ba kafin abin ya ci mata rai. Gyaran wannan kuwa ba ya jiran ɗan yayarka, ba ya jiran izinin Baba, kuma ba zai ci dubu 350 ba.

Layin da masu saye suka riga suka sani, bar wa shago shi dungurungum. Kai ka yanki sabo, ka ba 'yan uwa da aminai. A kan layin shagon ka saka WhatsApp Business, kyauta ce tun fitowarta a 2018, kuma a cikinta akwai inda za ka rubuta lokacin buɗewa da na tashi, da saƙon da zai riƙa fita da kansa ga duk wanda ya yi magana bayan an rufe. Kada ka yi dogon Turanci. Wani abu kamar haka ya isa: "Barka da dare, mun gode. Mun tashi, za mu amsa daga ƙarfe 9 na safe in sha Allah. Kaya da farashinsu suna nan a wannan adireshi, a turo lambar wanda ake so." Daga nan wayar ta kwana a falo a jikin caji, ko a aljihun mota. Ka faɗa wa maiɗakinka lokacin da za ka riƙa ajiye ta, ka kuma cika alkawari, don idan ka ce ƙarfe 8 ta gan ka kana leƙawa ƙarfe 10, ka ƙara ɓata lamarin.

Za ka rasa wasu masu saye? Za ka rasa kaɗan. Amma abin da ke kai mace wani shago ba shi ne don ba ka farka ka gaishe ta ba. Ta tambayi farashi ne ta ji shiru, ba ta san ko da safe ma za a kula ta ba. Idan ta sami farashin nan take, ta kuma san lokacin da za a amsa mata, yawanci za ta jira.

To, a nan ne shafin yake da aiki, kuma shawarata ita ce ka yi shi. Sai dai ba a ɓoye ba, ba kuma duk yadda ɗan yayarka ya tsara ba.

Kafin ka ba kowa sisi, ɗauki biro da littafi ka koma kan saƙonnin daren da suka shigo cikin mako biyu. Ka ware su. Na yi imani za ka ga tambayoyi ne 'yan kaɗan suke ta maimaita kansu: nawa ne, akwai ko ya ƙare, yadi nawa ne, wace kala ta rage, ina shagon yake, nawa ne kuɗin mota zuwa gari kaza. Waɗannan ba sa buƙatarka, amsa kawai suke buƙata, kuma su ne aikin shafi. Ragowar, irin wadda za ta haɗa lefe tana son shawara, ko mai sari da zai ɗauki dila, ko wadda aka kai wa kaya ba su yi mata ba, waɗannan mutum suke nema, kuma babu ɗaya da ba zai iya kwana ba. Ka lura kuma da su wane ne mutanen daren. Akwai matan aure da sai yara sun yi barci suke samun sararin riƙe waya, akwai ma'aikatan da ranar ba tasu ba ce. Akwai kuma waɗanda a wurinsu ba dare ba ne: wadda ke New York tana bayanmu da awa 5 ko 6, ƙarfe 12 na darenka ita wajen magaribarta ce, ta Kumasi kuma awa 1 take bayanmu. Ba rashin ta ido ya sa su ba, kai ne ka buɗe ƙofar da ba ta da lokacin rufewa.

Abin da ya fi komai muhimmanci a shafin ba adonsa ba ne, lamba ce. Kowane zane ya sami lambarsa. A manna ta a jikin turmin, a rubuta ta a kanta, ta fito a ƙarƙashin hoton, ta shiga littafin Baba. Da wannan kaɗai kun rabu da "wannan ta ukun daga sama, a'a ba ita ba, ta gefenta", kun kuma rabu da aika wa mutum kayan da ba shi ya zaɓa ba. Idan mai saye ta danna kaya, shafin ya kai ta WhatsApp ɗin shago da lambar a rubuce, da safe yaro ya buɗe ya san abin da ake magana a kai ba tare da tambaya ba.

Sai hoto. Kada a ɗauka a ƙarƙashin ƙwan shago, don hasken nan yana mai da ruwan toka ya koma ruwan ƙasa, makuba ta koma ja. A fita da kayan inuwa da hantsi, a ɗauka a ninke, a ɗauka a ware, kada a shafa masa komai na gyaran hoto. A rubuta yadinsa. A rubuta asalinsa tsakani da Allah: in shaddar Getzner ce ta Ostiriya a ce ita ce, in mai kama da ita ce daga Sin a faɗa, tana da masu sayenta. Mai saye da ke gabanka tana iya murza kaya ta gane, ta dare kuwa amanarka kawai ta riƙe, kuma ka san abin da Annabi (SAW) ya faɗa a kan mai algus.

Ka ja wa ɗan yayarka kunne a kan nauyi. Yaran da suka koyi aikin nan suna son shafi mai bidiyo da ke tashi da kansa da hotuna masu yawo, don a ce sun iya. Tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, mutane lissafin data suke yi. A gwada shafin a kan mafi arhar wayar da ke shagon, a inda sabis ba shi da ƙarfi. In bai buɗe da wuri ba, a rage. Kada a tilasta wa kowa yin rajista da imel kafin ya ga kaya. A rubuta da Hausa tukuna, Turanci ya biyo baya.

Yanzu maganar Baba, wadda ita ce ainihin ƙullin.

Kada ka ɗauki ƙin nasa a matsayin tsufa. Yana da hujjoji, kuma gara ka san su kafin ka zauna gabansa. Na farko, maƙwabta za su ga farashinsa su karya. Wannan ita ce mafi rauni, don a Kwari babu farashin da yake kwana a ɓoye. Wanda yake son sani yaro zai turo, ko dillali ya gaya masa kafin la'asar. Na biyu, farashi ba ya zama. Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, 'yan kasuwa da yawa sun sayar da kaya suna murna, suka koma saro wani suka tarar kuɗin bai kai ba. Baba yana tsoron ya rubuta farashi yau, gobe a zo a riƙe shi da shi. Maganin wannan shi ne kowane farashi ya zo da kwanan watan da aka saka shi, kuma kai da kanka ka iya canja shi daga wayarka. Na uku, kuma wannan ce ba zai faɗa maka ba: ciniki shi ne sana'arsa. A taya, ya ce albarka, a ƙara, ya dubi mutum ya san ko mai dawowa ne, ya sallama. Shekaru ya yi yana koyon karanta fuska. Idan ka ce masa na'ura za ta yi ciniki, abin da zai ji shi ne an ce ya tashi.

Don haka kada ka taɓa masa sari. Farashin dila, da na tsofaffin abokan hulɗarsa da ke zuwa daga Maraɗi da Damagaram da Maiduguri, da bashi da lamuni, duk su zauna a bakinsa da littafinsa yadda suke. Abin da zai hau shafi farashin ɗai-ɗai ne kawai, na mai sayen turmi ɗaya ko biyu. Amma a nan akwai tarko biyu. Kada ka saka farashin fara ciniki, wanda ake ɗagawa don a rage, saboda mai duba shafi ba ta tayawa. In ta ga ya yi tsada wucewa take yi, ba za ka ma san ta zo ba. Saka farashin da kuke sallamawa a kai, da ɗan wurin rangwame ga wanda ya ɗauki da yawa. Na biyu, kada farashin shafi ya saɓa da na shago. Ranar da wata Hajiya ta biya a gabanka, ta koma gida 'yarta ta nuna mata kayan a waya da ƙasa da abin da ta biya, kun rasa gidan gaba ɗaya. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ma ta ce a bayyana farashin kayan da aka baje, kuma a watan Fabrairun 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta rufe wani babban kanti a Abuja saboda abin da ke rubuce a kanta ya bambanta da abin da ake karɓa wurin biya. Ban ce gobe za su shigo layinku ba, amma ka san inda duniya ta dosa.

Akwai kuma abin da nake ganin zai fi taɓa zuciyar Baba fiye da duk wannan. In ya yi karatun zaure, ya wuce ta babin ciniki a Risala. A can an halatta sayar da abin da ba ya gaban mai saye in an siffanta shi, an kuma halatta sayen abin da ke cikin dila bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki da siffarsa. A wurin dai aka hana sayen tufar da ba a ware ba ba a kuma siffanta ba, ko sayenta cikin duhun dare ba a gani. Wato malamanmu na Malikiyya sun daɗe da sanin cinikin tufa ta hanyar rubutaccen bayani, sharaɗinsu kawai bayanin ya zama gaskiya, kuma in kaya suka saɓa wa siffa mai saye yana da zaɓi. Shi kansa Baba a kan irin wannan takarda yake karɓar dila ba tare da ya kwance kowace ba. Ba kai za ka karanta masa wannan ba, kada ya ga kana koya masa karatu. In akwai malami ko amini da yake jin maganarsa, shi ya kamata ya ɗauko zancen.

Batun yi a ɓoye kuwa, cire shi daga ranka. Kafin mako ya zagayo wani maƙwabci zai zo gaisuwa ya ce, "Alhaji, ashe kun shiga intanet, na ga farashinku." Daga ranar ba maganar shafi za ku yi ba, maganar amana ce, kuma shagon nasa ne. Same shi a gida, ba a gaban yara ba, ka nemi izinin gwaji da kayan da suka yi kwantai. Kowane shago na da su, zanen bara da bara waccan da suka danne kuɗi a sito. Ce masa ya ba ka kala 30 na wata ɗaya, shi ya yanka farashin da bakinsa. Ba ya jin tsoron a ga farashin kwantai, so yake su fita. In sun motsa, littafin zai yi maka magana.

Sai batun biya da dare, inda nake ganin ɗan yayarka ya yi gaggawa. Shafi tamkar yaron shago ne da ba ya barci amma bai san komai ba sai abin da aka gaya masa. In turmi ɗaya ya rage, aka sayar da shi a shago ƙarfe 4 na yamma ba a cire shi ba, ƙarfe 12 shafin zai karɓi kuɗin wata a kansa. Da safe ka tashi da kuɗin mutane da kayan da babu, ga hadisin da ya hana mutum sayar da abin da ba ya wurinsa, ga kuma ba da haƙuri da "ko za ki zaɓi wani". Don haka raba kayan gida biyu. Wanda kuke da shi jibge a sito, a bari a biya kai tsaye. Wanda ya rage kaɗan, maɓallin ya zama "a ajiye mini", da safe a duba a tabbatar, sannan ta biya. Kuma kowace rana kafin a ja ƙofa, mutum ɗaya takamaimai ya zauna da littafi ya cire abin da ya ƙare. Aikin minti 10 ne, amma a kansa komai ya rataya. In ka san babu wanda zai riƙe shi, to da muguwar rawa gara ƙin tashi, don shafin da ke nuna kayan da suka ƙare tun watan jiya zai ƙara maka kiran dare ne, wannan karon na masu faɗa.

Hoton alat ba kuɗi ba ne, ka sani, amma da safe cikin rububi yaro yana iya mantawa. Kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet irin su Paystack da Flutterwave da Monnify suna tabbatar da shigar kuɗi da kansu, suna cire ɗan kasonsu a kowane ciniki. Ka duba kason ka sa shi cikin lissafi. In shagon ba shi da rajista da CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, yi masa, ka buɗe asusu da sunan shago. Kuɗin shago kada ya bi ta asusun yaro, ko na ɗan yayarka, ko ma naka na kanka, don ranar lissafi da Baba ko da 'yan uwa ka fita da hannu fes. Lambar asusun nan guda ɗaya ta fito a shafi, ta fito a bangon shago, da gargaɗin cewa ba ku da wata. Masu kwashe hotunan shaguna su buɗe shafin bogi da sunansu suna nan da yawa, kuma in an damfari mutum da sunanka wurinka zai zo. Ka rubuta ƙa'idojinka a fili: shaddar da aka yanka ba ta dawowa, kayan da suka saɓa wa hoto ana canjawa cikin kwana kaza, kuɗin mota zuwa garuruwan da kuka fi aikawa kaza ne, kuma da zarar an ba direba kaya a tasha za a turo lambarsa.

Cikin shago kuma, ban goyi bayan a kafa kwamfutar hannu a bar ta ba. Shagon Kwari ba fili gare shi ba, ga ƙura, ga matsalar caji, ga hannuwa da yawa ranar cunkoso. Kusan duk wanda zai iya amfani da ita yana da waya a aljihunsa. Buga tambarin QR, wannan murabba'in mai ɗige-ɗige da ake haskawa da kyamara, ka manna a bakin ƙofa da jikin kanta, da adireshin shafin a ƙasa da manyan baƙaƙe. Mai jiran layi ta duba, ta rubuto lambobi biyar, yaro ya hau sito sau ɗaya maimakon sau bakwai. Tunda tufa sai an taɓa, a yanki ƙyallen kowace shadda da yadi a haɗa su kamar littafi, kowanne da lambarsa, a rataye inda hannu zai kai. Ranakun cika sabis yakan ɗauke a kasuwa, saboda haka ko dai ku ajiye ƙaramin wayfai na shago, ko a wanke hotunan a sa a albam. In ma za ka sayi kwamfutar, ta zauna a hannun yaro yana nuna wa mutane.

Ka kuma san wa za ka nuna wa tambarin. 'Yan mata da teloli da masu sauri za su so shi. Hajiyar da ta shekara 20 tana sayen kaya wurin Baba kuwa, in ka ce mata ta haska bango da waya ka yi mata rashin kunya. Ita kujera za a ba ta, a kawo ruwa, a tambayi jikoki, a ware mata kaya ɗaya bayan ɗaya ko da ba za ta saya ba. Amfanin shafin ke nan a shago, ya rage maka masu tambayar farashi don ka sami lokacin irinta.

Yaran shagon za su tsargu, su ga kamar ana shirin sallamarsu ne, ko a toshe ɗan abin da suke samu a kan ciniki. In ba ka shigo da su ba, su ne za su riƙa "mantawa" da cire kayan da suka ƙare. Ɗora wa mai natsuwar cikinsu amsa saƙonnin safe da gyaran yamma, ka yanka masa wani abu a kan kowane cinikin da ya shigo ta nan. Amma ka kafa masa doka a kan lambobin mutane. Za ku tara lambobi da adireshin matan aure, wannan amana ce tun kafin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta zo ta ƙarfafa ta. Kada a karɓi abin da ya wuce suna da lamba da inda za a kai kaya, kada a zuba kowa cikin guruf ba da izininsa ba, kada yaro ya kwafi lambar wata zuwa wayarsa.

Game da ɗan yayarka, aiki da ɗan uwa ya fi buƙatar rubutu fiye da aiki da bare, don shi ba za ka iya kai shi ƙara ba. Sunan shafin, ko .com ne ko .com.ng wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, a yi rajistarsa da sunanka da imel ɗinka, kalmomin sirri duk su kasance a hannunka. Haya ce ta shekara-shekara, shi da wurin da shafin ke zaune, ka tambaye shi nawa ne kuma wace rana take ƙarewa, don in ta wuce ba a biya ba shafin ɗaukewa yake yi. Raba kuɗin aikin kashi uku, kada na ƙarshe ya fita sai ka canja farashi, ka saka sabon hoto, ka cire kaya, duk da hannunka a wayarka yana kallo bai taɓa ba. Yaro ne, gobe zai tafi bautar ƙasa ko ya sami aiki a Legas.

Kuma ba dole ka fara da shi ba. Jerin kaya na cikin WhatsApp Business yana ɗaukar har guda 500 da hoto da farashi, gwajin kwantai da shi za ka yi, ba ka kashe komai ba. Ka saka shagon a taswirar Google, ita ma kyauta ce, da sunan gida da layi da lambar shago, da lokacin da kuke rufewa ranar Juma'a. In ka riƙe waɗannan wata biyu ba su mutu a hannunka ba, to ka san abin da za ka ce ɗan yayarka ya gina, kuma watakila ka ga ba na dubu 350 kake buƙata ba.

Kada ka soma wannan aiki cikin azumi, a lokacin babu mai sararin manna lamba. Bari kasuwa ta lafa bayan Babbar Sallah. Goman ƙarshe na azumi kuwa, in ka ga lallai sai an amsa saƙon dare saboda masu neman kai ɗinki, ba yaron wayar shago ya riƙe zuwa ƙarfe 11 ka biya shi na dare, ka kuma sanar da maiɗakinka tun kafin lokacin ya zo.